Ƙorama ta bushe da rani, yaya za a san ruwan da za ta kawo a watan Agusta?

Mai Awon Filaye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Damagaram na ƙara faɗi, kuma da yawa daga filayen da ake yankawa yanzu suna gindin duwatsu ne ko bakin ƙoramun da ke gangarowa daga cikinsu. Da rani ƙorama hanyar amalanke ce, yashi kawai, mai saye ba ya ganin abin tsoro. Ina so masana ruwa su nuna mana yadda ake sa lamba a kan wannan haɗari. Ruwa nawa zai zo, ina zai kai, mita nawa za a ja da baya kafin a kafa turken farko?

Injiniyan Ruwa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara da ƙoramar, fara da abin da ke bayanta. Ka tsaya a daidai wurin da kake son sani, ka bi tudu da ƙafa ko a taswira, ka zagaye duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa ta wuce ta gabanka. Faɗin wannan ƙasa shi ne lambar farko. Ka riƙe wannan: ruwan milimita 1 a kan hekta 1 mita kubik 10 ne, kuma mita kubik ɗaya lita 1000 ce, wato duro biyar na lita 200.

Ga ƙananan wurare, waɗanda ba su wuce ƴan ɗaruruwan hekta ba, lissafin shi ne: kason ruwan da ke gudu bai nutse ba, sau ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa, sau hekta, a raba da 360. Abin da ya fito mita kubik ne a kowane sakan.

Mu ɗauki misali na hekta 150. Hekta 40 dutse ne, kason gudunsa 0,8. Hekta 60 fako, 0,6. Hekta 50 gonakin jigawa, 0,2. In ka haɗa ka raba, ka samu 0,52. Mu ce ruwan na zuba da ƙarfin milimita 80 a awa. Sai ka samu kusan mita kubik 17 a sakan. Duro 85 ke nan ke wucewa kafin ka ƙifta ido sau biyu. Yanzu ka yanka waɗannan gonaki 50 ka cika su da rufin kwano da daɓen siminti da tituna masu tauri, kasonsu ya tashi zuwa 0,7. Ruwan sama bai ƙaru ba, amma ƙoramar ta koma ɗaukar wajen 23. Don haka a yi lissafi da unguwar da za a gina, ba da gonar da ake gani yau ba.

Malamar Yanayi: Injiniya, kafin a wuce, wannan 80 ɗin kada wani ya ɗauke ta a matsayin lambar Zinder, wato Damagaram. Misali ka bayar. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Abin da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, wata shekara ya haura, wata ya gaza, kuma wannan jimilla ba ta gaya maka komai game da ambaliya. Ma'aunin ruwa da ake karantawa sau ɗaya da safe zai ce maka an yi milimita 60. Bai ce maka ko cikin minti 40 aka yi shi ko cikin awa takwas ba. Na awa takwas manomi ya gode, na minti 40 shi ke ɗauke awaki.

Kowa ya san halin hadarinmu: ya taso daga gabas, iska da ƙura su riga shi, sannan ya sauke mafi yawan ruwansa a farkon rabin awa zuwa awa ɗaya, sai yayyafi ya biyo baya. Wancan farkon ake nema. Wanda zai yi aikin gaske ya nemi bayanan tashar yanayi ta filin jirgin sama ta hannun hukumar yanayi ta ƙasa, ko cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai nazarin yanayi da ruwa da noma a Sahel, ya tambayi ƙarfin ruwa na minti 15, 30 da 60, ba na wuni kawai ba.

Mai Awon Filaye: To Malama, wanne za a ɗauka cikinsu, na minti 15 ko na 60?

Injiniyan Ruwa: Wanda ya yi daidai da lokacin da ɗigon da ya faɗi a can ƙarshen tudu ke ɗauka kafin ya iso wurinka. A lokacin ne duk faɗin wurin ke turo ruwa gaba ɗaya. Akwai lissafin Kirpich na 1940 da ake amfani da shi: ƙorama mai tsawon kilomita 2 da ke sauka mita 40 daga sama zuwa ƙasa tana ba da kusan minti 30. Sai ka ɗauki ƙarfin ruwa na minti 30. Amma a gonakin Amurka aka fitar da wannan lissafi, a riƙe shi da hannu biyu. Idan wurin ya kai kilomita murabba'i goma ko fiye, a bar wannan hanya gaba ɗaya a koma ta tsohuwar cibiyar binciken Faransa ORSTOM, wadda Rodier da Auvray suka fitar a 1965 daga awon da aka yi a ƙananan ƙoramun Afirka ta Yamma. Ita tana raba ƙasa gwargwadon gangarenta da shan ruwanta, ta ba ka ambaliyar shekara goma.

Minti 30 ɗin nan ma gargaɗi ne. Babu lokacin da za a buga waya a ce wa mutane su kwashe kaya. Ana iya yin ruwa a kan dutse, unguwar ƙasa ba ta ga ɗigo ba, sai dai ta ji rugugi.

Malamin Gandun Daji: Ina da ja a kan 0,8 na dutse, Injiniya. Falalen dutse sumul, na yarda, har ya fi haka. Amma irin tulin duwatsun nan namu masu hawa kan juna, kamar na cikin Birni, akwai tsaga da aljihun ƙasa a tsakaninsu, suna shanye ruwan farko sosai. Wanda ya fi ba ni tsoro fako ne. Ƙasar da aka sare itacenta, dabbobi suka tattake, ruwa ya daddaɓe samanta ta yi ɓawo. Ɓawon bai kai kaurin farce biyu ba, amma ka zuba masa buta guda ka ga yadda ruwan ke tafiya kamar a kan tire. Shi ya sa bayan farin shekarun 1970 da 1980 aka ga abin mamaki a Sahel: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a ƙoramu ya ƙaru. A waɗannan shekaru na fari ne kuma mutane suka saki jiki suka yi gini a kwari.

Injiniyan Ruwa: Na karɓi gyara a kan tulin duwatsu, amma a ruwan Yuni kawai. Mu ambaliyar Agusta muke lissafi, lokacin malka, an yi ruwa shekaranjiya an yi jiya, kowace tsaga ta ƙoshi. A ƙarƙashin garin nan dutse ne, shi ya sa rijiya ke wahala har ake jawo ruwan sha daga Gogo da Machaya da Arungusa. Ƙasar da ke saman dutsen ba ta da zurfin da za ta riƙe ruwa mai yawa. Da ta cika, jigawa ma gudu take bayarwa. Na fi son a yi kuskure ta sama.

Ɗan Taswira: Ga masu son zana iyakar wurin a kwamfuta, akwai taswirar tudu da kwari kyauta, SRTM da Copernicus, sai a buɗe a manhajar taswira ta QGIS. Amma kowane ɗigo a cikinsu mita 30 ne, kuma kuskuren tsayi na iya kai mita da yawa. A kan dutse suna aiki. Da an sauko fili inda bambancin santimita 40 ke yanke hukuncin ko ruwa ya bi gabas ko yamma, sun makance. Ba sa ganin kwalbati, ba sa ganin titin da aka ɗaga, ba sa ganin katangar makaranta da ta karkatar da ruwan wata unguwa zuwa wata. Tsayin da GPS na waya ke nunawa kuwa a manta da shi, yana iya kaucewa da mita goma. Hoton tauraron Sentinel yana da amfani wajen ganin faɗin tabki bayan ruwa, amma ƙoramar da ta cika ta janye cikin awa biyu ba zai kama ta ba, kwanaki yake yi kafin ya sake wucewa.

Tsohon Magini: Ƴaƴana, duk wannan lissafi na ji, amma ƙorama tana rubuta tarihinta da kanta. Bayan babban ruwa ku je washegari. Ku duba ledoji da karan gero da suka maƙale a ƙayar aduwa da kandili. Ku duba layin laka a jikin katanga, da inda kashin awaki da ɓawon gyaɗa suka jeru a gefen tudu kamar an share su da tsintsiya. Wannan layin shi ne iyakar ruwa. Na jikin katanga da na ƙasa sun fi gaskiya. Na kan reshe yana ƙarya, don ruwa na lanƙwasa reshen, in ya janye sai reshen ya miƙe ya ɗaga ledar sama da inda ruwan ya kai. A sa fenti ko a buga ƙusa tun kafin iska da yara su ɓata shaidar. Sannan a tambayi dattawan wurin, ba "ruwa na zuwa nan?" ba, a ce su nuna da hannu a jikin wane dutse ya tsaya, a wace shekara. A tambayi mutum uku daban daban, kuma kada mai sayar da filin ya kasance cikinsu.

Injiniyan Ruwa: Baba ya kawo rabin aikin da ya fi muhimmanci, kuma ana mayar da shi lamba. A zaɓi wurin da ƙoramar ta miƙe, babu kwana babu gada, na tsawon mita 100. A ja igiya daga alamar wannan gefe zuwa ta wancan, a auna zurfi kowane mita ɗaya. Gangare kuma da tiyon ruwa na magina ake samunsa, a bi alamun ruwan, ba ƙasan yashi ba. Mu ce faɗi mita 8, zurfi mita 1,2, gangare santimita 50 cikin mita 100. Bakin da ruwa ya bi ya zama mita murabba'i 9,6. Da lissafin Manning, mai fitar da saurin ruwa daga zurfi da gangare da kaushin ƙasa, in aka ba kaushin yashi da tsakuwa 0,035, gudun ruwan ya kama mita 1,9 a sakan. Ka ninka, ka samu wajen 18. Lissafin sama ya ba mu 17. In hanyoyi biyu suka haɗu haka, hankali ya kwanta. In ɗaya ta ce 17 ɗaya ta ce 50, akwai abin da ba ka gani ba: ko ruwan wani wuri na shigowa ta bakin titi, ko wani abu ya toshe a ƙasa ruwan ya taru ya ɗaga alamar.

Abu ɗaya da ke ruɗi: lokacin da ruwa ke kan ƙarfinsa yana haƙe yashin ƙasa, in yana janyewa ya mayar. Zurfin da ka auna washegari bai kai na lokacin ba. Saboda haka lambar alama takan gaza gaskiya.

Malamar Yanayi: Wanda ke kusa lokacin da ruwan ke gudu zai iya auna saurinsa daga tudu. Turaku biyu, mita 20 tsakani, a jefa gorar roba da aka cika rabi, a duba agogon waya. In ta yi sakan 9, mita 2,2 ke nan a sama, a ninka da 0,85 don ruwan ƙasa bai kai na sama sauri ba. A yi sau uku. Kada kowa ya sa ƙafa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, na 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle ɗan kabu-kabu.

Mai Awon Filaye: Wannan "ambaliyar shekara goma" fa? Masu filaye na cewa tunda an yi babba a 2024, an huta sai bayan shekara goma.

Malamar Yanayi: Wannan fahimta ce ke rushe gidaje, Malam. Ma'anarta kowace damina akwai kashi 10 cikin 100 a samu irinta ko wadda ta fi ta, ko da an yi bara. Cikin shekara 10, yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya kashi 65 ne. Cikin shekara 30, kashi 96. Ta shekara ɗari ma, wadda ake ganin kamar ba za a taɓa gani ba, kashi 26 ce cikin shekara 30. Wa ke gina gida don ƙasa da shekara 30?

Yadda ake fitar da ita a sauƙaƙe: a ɗauki ruwan wuni mafi girma na kowace shekara, a jera daga babba zuwa ƙarami. In shekaru 40 ne, a ƙara ɗaya a raba da matsayi. Na huɗu a jeri, 41 a raba 4, shi ne kusan na shekara goma. Amma a lura da shekarun da aka ɗauka. Jerin da ya cika da shekarun fari zai ba da lamba ƙarama, alhali manyan ruwaye sun ƙara yawa a Sahel a ƴan shekarun nan.

Hajiya Mai Kula da Magudanai: Ku yi haƙuri, Injiniya, duk kuna maganar ruwa mai gudu, mu kuwa a cikin gari wanda ya tsaya ne ke cinye mu. Ruwan duwatsun nan ba kogi yake tafiya ba, tabkuna yake sauka, irin su Kanya da kududdufan da aka haƙa wajen yin tubali. Ku ɗauki misalinku: milimita 60 a hekta 150 da kason 0,52, mita kubik dubu 47 ne. Tabki mai hekta 3 da ya rage masa mita ɗaya kafin ya cika dubu 30 kawai zai karɓa. Sauran dubu 17 ɗin tsakar gidan mutane za su kwana. Kuma kada a ce rana za ta shanye. In tabkin na rasa milimita 5 a wuni, mita kubik 150 ke nan, ƙasansa kuma laka ce da dutse. Ruwa na biyu zai tarar da shi a cike. Don haka a kafa sanda mai gwaji a kowane tabki, a rubuta tsayinsa kowace safiya daga Yuli. Sararin da ya rage a tabki ya fi hasashen hadari gaya maka wa zai kwana a makaranta.

Ga kuma cika bakin tabki da shara da ɓaraguzai don a samu fili. Kowace tifa da aka juye, ruwan da ke zama a wurin wani gida zai koma.

Tsohon Magini: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ginin ƙasa ba turi ke kayar da shi ba, jiƙa ce. Ruwan da bai kai gwiwa ba, in ya kwana biyu a gindin katanga, tubalin ƙasa ya koma kunu, nauyin sama ya zauna a kansa. Ga rufi ya sha malka ya yi nauyi, indararo ya toshe. Kowa ya ga abin da ya sami tsohon masallacin Birni a farkon Satumba 2024, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye. Wanda zai yi gini kusa da kwari ya ɗaga harsashi da dutse da siminti, daɓen ɗaki ya haura alamar ruwa mafi tsawo da santimita 50. Bakin masai ma a ɗaga shi, don in ya cika ya tumbatsa wata masifar ce daban.

Injiniyan Ruwa: Na yarda, lissafi biyu ne: ƙarfin gudu don ƙorama, yawan ruwa don tabki. Na uku shi ne mashiga. Bututun kwalbati mai faɗin mita ɗaya abin da yake ɗauka bai wuce mita kubik ɗaya da rabi a sakan ba. A jera biyu a ƙoramar da ke kawo 17, an gina madatsa ne ba gada ba. Ruwan zai taru a baya, ya shiga gidajen sama, sannan ya haura titin ya cinye shi daga gefen ƙasa. In yashi da leda sun cika rabin bututun, abin da ya rage bai kai rabin ƙarfinsa ba. Irin wannan ƙorama tana son kwalbati mai kusurwa huɗu, baki uku, kowane mita 2 da 1,5, ko kuma a shimfiɗa kankare a ƙasa ruwa ya bi ta kai, mutane su jira awa ɗaya. A ƙorama mai yashi na fi son na biyun, ba ya toshewa.

Malamin Gandun Daji: Kuma a rage ruwan tun daga sama. Ramukan rabin wata da ake haƙa don tare ruwa da jerin duwatsu a kan fako suna jinkirta shi, suna kama yashin da zai je ya cike kwalbati. Amma kada a cire su daga lissafin babbar ambaliya, don in sun cika ruwa haurawa yake. Ragar duwatsu kuma, gabiyon, inda take mutuwa sananne ne: ruwa ya haƙe gindinta ta kife, ko ya zagaye ta gefe. A binne layin farko, a shimfiɗa mata tabarmar dutse a gaba, a cusa kunnuwanta cikin gaɓa sosai, duwatsun kuma su fi idon ragar girma.

Mai Awon Filaye: Na gode ƙwarai. Saura tambayata ta farko, mita nawa zan ja?

Injiniyan Ruwa: Babu lamba ɗaya, Malam, kuma wanda ya ba ka ɗaya bai je wurin ba. Ka ɗauki ruwan unguwar da za a gina, 23 a misalinmu, ka mayar da shi cikin awon bakin ƙoramar ka ga tsayin da zai kai, ka bi wannan tsayi da tiyo ka kafa turaku a gefe biyu. Ka kwatanta da alamar dattawa, ka ɗauki wadda ta fi nisa. Wannan na ruwa ne. Na zaizaya daban: a bayan kwana, inda ruwa ke dukan gaɓa, ƙorama tafiya take. Ka buɗe tsofaffin hotunan Google Earth ka auna mita nawa gaɓar ta ci cikin shekara goma, ka ninka uku, ka ƙara a kan turken.

Ɗan Taswira: Hotunan ba sa zama daidai a kan juna, wani lokaci suna gocewa da ƴan mitoci. A auna daga abin da ba ya motsi, kusurwar tsohon gini ko wani babban dutse, zuwa bakin gaɓa a kowane hoto. Kuma a zaɓi hotunan rani duka, don ciyawar damina na ɓoye bakin.

Hajiya Mai Kula da Magudanai: Malam, in ka kafa turakun ka turo mana inda ƙoramar ke ƙarewa. In tabki ne, sai an auna sararinsa kafin a sa hannu a takardar ko fili ɗaya, kuma a cikin Afrilu ko Mayu za a yi, lokacin da ƙasansa ke fili ana iya shiga da tiyo.